Tallafin miliyan 3 don nakasassu su shiga wasa da kiɗa: a ina za mu zuba shi?

Uwar_Dandali:
Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Ina da ƴar ƙungiyar wasan kwaikwayo a nan Yamai, mu goma sha ɗaya, muna haɗuwa duk Asabar da la'asar a tsakar gidan wata lakwal, wato makarantar boko, a Talaje. Cikinmu akwai samari biyu kurame, da wata yarinya da shan inna ya taɓa tun tana goye, a keke take zuwa. Makon jiya wata ƙungiya mai zaman kanta ta fidda sanarwa cewa za ta tallafa wa masu wasa, kiɗa, zane da sana'ar hannu, da sharaɗin aikin ya buɗe wa nakasassu ƙofa. Iyakar abin da ake nema miliyan 3 na sefa, aikin wata shida. Ba bashi ba ne, amma kowace dala sai ka kawo shaidar inda ta shiga.

Kwana uku ke nan takardar na gabana na kasa cika gurbin kasafi. In na ce a gina gangara a ɗakin da muke nuna wasa, siminti da ƙarfe za su ci kaso mai tsoka. In na ce mai fassara da maganar hannu, wata shida na cika ya tafi, an koma gidan jiya. In na ce kuɗin mota da ɗan abin sabulu ga ƴan wasan, ina tsoron a ce mun raba kuɗin ne kawai. Sannan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: ni lafiyata lau, shin ya dace sunana ne zai hau kan takardar a matsayin shugaba? Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba ni haske don Allah.

MaiKeke_Yantala:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tunda kin tambaya, bari mai abin ya fara magana. Shekara ashirin da wani abu ina bisa keke. Bara an gayyace ni kallon wani wasa a wani babban ɗaki a cikin gari, ba zan faɗi sunansa ba. Matakala biyar a bakin ƙofa. Samari huɗu suka zo, Allah ya saka musu, suka ɗaga ni da keken gaba ɗaya kamar buhun gero. A tsakiyar hawa takalmina ya faɗi, wani yaro ya ɗauko yana bin mu da shi, jama'a duk sun juyo suna kallo. Niyyarsu mai kyau ce, amma na shiga ɗakin kaina a ƙasa. Har aka tashi ban san me aka yi a dandalin ba, tunanina ɗaya, yadda za a sauko da ni.

Akwai kuma abin da ba a faɗa. Duk ranar da zan je taro, daga safe nake daina shan ruwa, ko da a watan Afrilu ne, saboda na san makewayin wurin ba zai shigu ba. Ki tambayi yarinyar da ke cikinku a keɓe, za ta gaya miki haka take yi. Don haka ni a wurina gangara da makewayi su ne farko. Wanda bai shiga ɗaki ba, ina zai ji daɗin fassara?

Mushe_Kurame:
Yaya MaiKeke, maganarka ta taɓa ni, amma kurma yana shiga ɗakin da ƙafarsa, ya zauna a sahun gaba, ya fita bai tsinci komai ba. Shi tasa matakalar ba a ganinta. Na koyar da yara kurame shekaru, kuma abin da nake so Hajiya ta sani shi ne mai fassara ɗaya ba ya isa. Bayan minti ashirin zuwa talatin hannu da ƙwaƙwalwa suna gajiya, dole su zama biyu suna karɓeɓeniya. Dole su zo gwajin wasan tun farko su san labarin, ba ranar nuni a kira mutum a ce tsaya can gefe ka yi ba. A ba shi fitila tasa, ya sa riga mai launi ɗaya marar ado don a ga yatsunsa. Na sha ganin an kashe wuta don a ƙawata dandali, mai fassara yana ta aiki cikin duhu.

Ƴar_Harobanda:
Ni tambayata, kuramen biyu da ke cikin ƙungiyar an tambaye su? Da yarinyar? Mu duka muna nan muna raba kuɗi, masu abin ba su ce uffan ba.

Uwar_Dandali:
Ƙanwata kin faɗi gaskiya. Na gaya musu akwai tallafi, amma ban zaunar da su a kan kasafin ba. Wannan Asabar ɗin zan yi, in sha Allah.

Magini_Katako:
Hajiya, a kan gangara bari in ba ki lissafi, don aikina ne. Abin da ake kira gangara a gine-gine da yawa na garin nan santsi ne kawai, mai keke in ya hau baya zai kife. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce duk tsayin santimita 1 a ba shi tsawon santimita 12. Matakala uku masu santimita 15 kowace, ka ga santimita 45 ke nan, gangararsu ta kai mita 5 da santimita 40. In za a bi mai sauƙin hawa, wato kashi 5 cikin ɗari, mita 9 za ta ci. Faɗinta kada ya gaza mita 1 da santimita 20, a sa ƙarfen riƙewa, a bar fili shimfiɗaɗɗe a sama inda keke zai tsaya kafin a buɗe ƙofa, ƙofar kuma ta kai santimita 90. Kada a goge simintin ya yi sulɓi, a ja shi da tsintsiya tun yana ɗanye.

Amma ɗakin naku ne? In na aro ne ko haya, kada ki zuba siminti a gidan wani. A yi miki ta ƙarfe da katako mai naɗewa gida biyu, maƙeran Katako za su haɗa miki, duk inda za ku yi wasa ku aza ta a amalanke ku tafi da abinku.

MaiKeke_Yantala:
Malam Magini, wannan ta tafi-da-gidanka ta yi. Sai dai a tuna da dandalin kansa. Sau da yawa ana gyara ƙofar ƴan kallo a manta da hawan dandali, kamar an yanke cewa mu kallo kawai za mu zo yi.

Ɗan_Adar_Bilbis:
Salamu alaikum. Ni daga Tawa nike magana. Ku yi haƙuri, amma duk wanga zance na mutanen Yamai ne. Mu nan sanarwar ma ba mu jin ta sai an ruhe karɓa. In munka ji da wuri, a ce a kawo dosiye da hannu a biro can Yamai, tahiyar da ta hi kilomita 500. Gurgu ko makaho shi biya mota zuwa da dawowa, shi biya ma ɗan jagora nai, shi nemi wurin kwana, duka don takardar da ba shi da tabbas a kanta. Mu da ke cikin garin Tawa ma ke nan, bale mutanen Buza, Keita, Illela, Madawa ko Abalak.

Kuma muna da masu hikima. Akwai wani dattijo makaho nan unguwarmu, shina da waƙoƙin wa'azi a kai waɗanda in ya fara bayan isha'i sai dare ya raba ba ya maimaita baiti. Ba wanda ya taɓa ɗaukar muryatai. Ran da Allah ya karɓi abinai, shi ke nan sun tahi. Jika ɗari biyu za su isa a ɗauke su tsaf a aje, amma wa za ya cika mai takarda da Faransanci?

Akawu_227:
Malam na Tawa ya taɓo inda ke ciwo. Na yi aikin lissafin kuɗi a ƙungiyoyi, na ga dosiye da yawa sun faɗi ba don aikin ba shi da kyau ba. Yawanci ana neman takardar izinin ƙungiya daga hukuma, da asusun banki da sunan ƙungiyar ba na mutum ɗaya ba, da rahoton aikin da aka taɓa yi. Ƙananan ƙungiyoyin nakasassu da yawa ba su da waɗannan, sai wata babba ta karɓa da sunansu ta cire nata kason.

Hajiya, ga abin da zan ce miki. Kada ki ji kunyar rubuta kuɗin sufuri da ladan ƴan wasa, aiki ne suke yi. Ki ba kowane abu layinsa: masu fassara biyu, kwana nawa, nawa a rana; taksi ga mai keke, tunda kabu-kabu ba ya ɗaukarta, kuma mai taksi yakan nemi kuɗin wuri biyu ko a ɗauke shi shata; ɗan jagora ga makaho in za ku gayyato. Mai taksi ba ya ba da rasit, don haka ki buɗe takardar sa hannu tun ranar farko, mai karɓa ya sa hannu ko ya dangwala. Ki kuma tambaye su tun yanzu ko kuɗin kashi-kashi suke sakinsa. Da yawa suna riƙe kason ƙarshe sai an kai rahoto, in ba ki shirya ba za ki wayi gari da bashin masu fassara a wuyanki.

Bawan_Allah_Lazare:
Ni fa ku gafarce ni. Nakasassun da nake gani a bakin danja da ƙofar masallaci ran Juma'a abinci suke nema. Miliyan 3 buhun shinkafa nawa ne? Keken guragu nawa ne? A ce za a kashe su a wasan kwaikwayo? Ciki da yunwa ba ya kallon wasa.

Makaho_Mai_Molo:
Ƙanena ne ke rubuta mini, ni nake faɗa. Malam Bawan Allah, ni molon nan shi ya raba ni da bakin danjar da kake magana. Ina da shekara tara aka fara ja na bara, har wani kawuna ya ɗora mini molo a cinya. Yau da shi nake biyan haya, da shi na sa ɗiyata lakwal. Buhun shinkafa wata ɗaya ne ya ƙare. Ban ce kada a ciyar da mai yunwa ba, amma wannan kuɗin ba na ciyarwa ba ne, masu shi sun ware shi don wannan aiki, in ba a nema ba wani wuri zai tafi.

Abin da ke ƙona mini rai daban ne. Duk shekara in 3 ga Disamba ta zo, ranar nakasassu ta duniya, sai a tuna da mu. An taɓa kirana wani biki, na yi kiɗa kusan awa guda, aka tafa. Da aka tashi, ƴan kiɗan da suka zo da gita da sono aka kira su gefe aka ba su ambulan, ni aka ba ni riga mai tambari da hula da kwanon shinkafa. Na tambaya, aka ce ai ni cikin masu cin gajiya nake. Ƙanena ya ce hotona ne a gaban rahotonsu. Hajiya, in za ki sa kuramenki da yarinyar nan a wasa, ki biya su daidai da kowa. In kin yi haka, ko gangarar ba ta samu bana ba, kin yi abin da ba a saba yi ba.

Bawan_Allah_Lazare:
Allah ya ba ka haƙuri Malam. Ban duba ta wannan fuskar ba. Amma har yanzu ina ganin wanda ke kwance a gida ba keke ya fi gaggawa.

Malam_Na_Zaure:
Duka biyun haƙƙi ne, kuma bai kamata mu jingina su ga baƙi kaɗai ba. Mu tuna Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho ne, a kansa farkon Suratu Abasa ya sauka, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa shi ladanci tare da Bilal, har yakan bar masa jagorancin Madina in zai yi tafiya. Muƙami aka ba shi, ba a tsaya ga tausayi ba. Attajiranmu na Babbar Kasuwa da Wadata suna fidda dukiya mai yawa a azumi. Da ɗaya zai gyara makewayi da ƙofar gidan matasa na unguwarsu a matsayin sadaka mai gudana, da an rage jiran sanarwar ƙungiyoyi.

Lauya_Ƙarami:
In ƙara a kan maganar Malam, hukuma ma akwai nata nauyin, a rubuce yake. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu tun 2008, kuma sashe na 30 nata yana magana ne kai tsaye a kan shiga harkar al'adu, nishaɗi da wasanni. Ya ambaci gidajen wasan kwaikwayo, gidajen tarihi, silima da ɗakunan karatu, ya ce a ba nakasassu damar nuna basirarsu, ya kuma ambaci maganar hannu da al'adar kurame. A cikin gida muna da dokar 1993 kan kare nakasassu, da ta Disamban 2019 da ta zo bayanta, ga kuma tanadin kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki. Ƙidayar 2012 ta ba da kashi 4.2 cikin ɗari na ƴan ƙasa a matsayin masu nakasa, mutum sama da dubu 700, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta kashi 16 cikin ɗari a faɗin duniya. Wannan tazarar kaɗai ta isa ta nuna akwai waɗanda aka ɓoye a ɗaka ba a ƙirga ba.

Hajiya, ki sa sashe na 30 a gabatarwar takardarki. Kuma ra'ayina, gangarar ginin hukuma aikin hukuma ne. Ku rubuta wa ma'aikatar magajin gari, ku bi ta FNPH, tarayyar ƙungiyoyin nakasassu ta ƙasa, muryarsu ta fi taku nisa. Kuɗin tallafin ku bar shi ga mutane.

MaiKeke_Yantala:
Lauya, takarda ta yi kyau. Amma tun 1993 muke jira a bakin matakala. In na ce sai hukuma ta gina, wasan Hajiya zai zo ya wuce ban gani ba.

Inna_Mai_Haƙuri:
Ƴaƴana, na karanta duka, ban ga an ambaci irin ɗana ba. Shekararsa 14, ƙwaƙwalwarsa ba ta girma daidai da jikinsa ba. Yana tafiya, yana gani, yana ji. Amma in sauti ya yi ƙarfi sai ya toshe kunne ya yi ta ihu, mutane su ce a fitar da shi, wasu har su ce iskoki ne. Sau ɗaya na kai shi kallon wasa, ban ƙara ba. A gida kuwa, ba shi gawayi da kwali ki ga ikon Allah. Raƙumin dawa yake zanawa, tun ranar da babansa ya kai shi Kure ya gan su. Wuyan ya cika kwalin, ƙafafun su sauko har ƙasan tabarma, zai yi awa biyu bai ɗaga kai ba.

Irinsu ba siminti suke buƙata ba. A ware rana ɗaya da safe, a rage sono, kada a kashe wuta duka, a bar ƙofa buɗe wanda ya gaji ya fita ya dawo, a gaya wa jama'a tun farko kada kowa ya harari uwa. Wannan nawa zai ci? Mu iyaye mata mu muka san yawan yaran da ke kulle a ɗaki saboda bakin mutane.

Uwar_Dandali:
Inna, wallahi sai da na ajiye wayar na share ido. Wannan ko ba tallafi za mu yi shi. Ki kawo mana shi wata Asabar da kwalinsa, muna neman mai zana mana labulen baya.

Kande_Ƙonni:
Wata ƴar gyara. Tun ɗazu ana ta cewa nakasassu, gurgu, makaho. A rediyo yanzu "masu buƙata ta musamman" ake cewa. Ba zai fi ladabi ba?

Makaho_Mai_Molo:
Ɗiyata, ni makaho ne, haka na sa wa kaina a nan. Muna da Sarkin Makafi tun kaka da kakanni, ba mu ji kunyar sunan ba. Abin da ke ciwo shi ne a ce "musaki" da sigar raini, ko a yi magana da ɗan jagorana a kaina ina tsaye kamar ba ni wurin.

Mushe_Kurame:
Ɗalibaina kuma "bebe" ce ba sa so, sun fi yarda da kurma. Kowa a tambaye shi yadda yake so a kira shi. A takardar neman tallafi dai Hajiya ta bi kalmar da masu sanarwar suka sa.

Tunda an zo nan, akwai abin da Malam na Tawa zai gane. Maganar hannun da ake koyarwa a lakwal, irin ta makarantar kurame ta Hassane Bana Ba a nan Yamai, tushenta daga ta Amurka ne, ta shigo ƙasashenmu ta hanyar makarantun da Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, ya yi ta buɗewa a Afirka. Kurman da ya tashi a ƙauye bai je lakwal ba da tasa maganar hannun ta gida yake amfani, wadda ya saba da ita a kasuwa da cikin dangi. In ka kai mai fassarar lakwal gaban waɗannan, rabin zancen zai wuce su. Maganinsa a sa kurma ɗan gari a tsakani. Kuma mafi kyau, a gina wasan yadda jiki da fuska za su ɗauki labarin. Kurame gwanaye ne a nan, sun fi masu ji nesa ba kusa ba. In dandalin na katako ne, bugun ganga yana ratsa shi, da tafin ƙafa suke jin lokacin shiga.

Ɗan_Adar_Bilbis:
Mushe, haka shike. Muna da kurma maɗinki nan kasuwa, in shina ba da labarin kokowa da hannu, har masu ji taruwa sukai. Shi kwaikwayi yadda ɗan kokowa ka shiga hili, da yadda ya kai abokin karawa ƙasa, ba ka buƙatar kowa shi fassara ma.

Amma in koma bisa maganata. Tunda kundin tahiyar da mulkin ƙasa da anka sa ma hannu cikin Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, mi za ya hana masu ba da tallahi su karɓi buƙata da Hausa ko Zabarmanci, ko ma da murya ta WhatsApp? Makaho shi yi bayanin aikinai minti biyat, su saurara.

Ƴar_Harobanda:
Wannan shawara ce! Ƙawata makauniya da muka yi jami'a tare tana karanta komai a wayarta da TalkBack, manhajar da ke karanta rubutu da murya, amma in aka ɗauki takarda hoto aka turo, wayar ba ta iya karanta mata, shiru take yi. Sanarwar tallafin nakasassu, amma makaho ba ya iya karanta ta sai ya nemi mai ido. Hajiya ki duba taku, in hoto ce ki gaya musu su turo rubutun kansa.

Akawu_227:
Ana iya gaya musu, wasu suna saurara. Ga masu hangen gaba kuma, akwai asusun UNESCO na bunƙasa al'adu mabambanta, wanda ya fito daga yarjejeniyar 2005, yana ba da har dalar Amurka dubu 100 ga aiki ɗaya. Sai dai da Faransanci ko Ingilishi ake cikawa, ta hukumar UNESCO ta ƙasa ake bi, kuma sun fi son aikin da zai gyara tsari, ba biki na kwana ɗaya ba. Ƙungiya ƙarama ita kaɗai da wuya, sai in an haɗu. Kowa kuma ya san tun juyin mulkin Yulin 2023 ƙofofin tallafin waje da dama sun ƙuntata, don haka maganar Malam Na Zaure ta neman na gida ba abin yarwa ba ce.

Tsohon_Samariya:
Ƴaƴana, mu da muka yi zamanin samariya, ƙungiyoyin matasan unguwanni, lokacin mulkin Seyni Kunce, da hannunmu muka yi ta gina ajujuwa da dandali, kowace unguwa da ranar aikin gayyarta. Yau ga fada a kowace kusurwa, samari ashirin suna kewaye da butar shayi. Ku saya siminti da tallafin, ku roƙi fadar unguwa ta kawo ƙarfi, Magini ya tsaya musu da ma'auni. Rabin kuɗin zai ragu.

Wani abu kuma. Ku leƙa maƙwabta. Amadu da Mariyam na Mali a makarantar matasa makafi ta Bamako suka haɗu, a ƙungiyar kiɗan makarantar suka goge, daga nan duniya ta san su. Mu ma muna da makarantar makafi ta Soli Abdourahamane, muna da cibiyar koyon kiɗa ta Taya. Da za a samu mai haɗa yaran can da malaman nan ko sau ɗaya a mako, da kayan kiɗan da za su zauna a hannun yaran bayan kuɗin sun ƙare, ni da nan zan zuba.

Makaho_Mai_Molo:
Baba, Allah ya ƙara girma. In aka yi haka ni zan koyar da molo, amma a rubuta ni a layin malamai.

Hajiya, ga makafi ƴan kallo abu biyu. Kafin a fara a bar mu mu hau dandali mu shafa kayan wasan, mu ji muryar kowane ɗan wasa ya faɗi sunan da zai fito da shi. Sannan a samu mai baki ya zauna kusa da mu yana faɗa a hankali, wance ta shigo da tulu, wane ya ɓuya bayan ƙofa. In ba haka ba jama'a su fashe da dariya mu muna tambayar me ya faru. Ku kuma ɗauki wasan a murya ku kai gidajen rediyo, zai isa har Tawa.

Ƴar_Harobanda:
Har yanzu ba wanda ya amsa wa Hajiya tambayarta ta biyu, ta shugabanci.

Lauya_Ƙarami:
Ba laifi ta sa hannu, ita ta kafa ƙungiyar. Amma asusun ya zama mai sa hannu biyu, ɗayan ya fito daga cikin su ukun.

MaiKeke_Yantala:
Ni na fi son yarinyar ta zama shugabar aikin, Hajiya ta dafa mata. In kullum sa hannu na biyu za a ba mu, yaushe za mu koyi na farko?

Akawu_227:
Yaya, masu ba da kuɗi suna duba wanda ya taɓa riƙe aiki. In aka sa sabon suna dosiyen na iya faɗuwa, kowa ya rasa.

MaiKeke_Yantala:
To haka za a yi ta cewa ba mu taɓa riƙewa ba, alhali ba a taɓa ba mu ba.

Uwar_Dandali:
Na dawo, jiya muka zauna. Abin da suka faɗa ya bambanta da abin da na zata. Samarin biyu sun ce mai fassara a ranar nuni bai dame su ba kamar a ce mu tara ɗin mu koyi maganar hannu, don shekara biyu suna cikinmu amma in ana gardamar yadda labari zai tafi, sai an gama a nuna musu inda za su tsaya. Ɗayansu yana da labarin da yake so ya tsara da kansa, a kan kurman da aka kai likita ba mai jin abin da ke damunsa. Yarinyar kuma, Yaya MaiKeke, abin da ka faɗa na ruwa haka yake, ta ce tun shigarta ƙungiyar take yi ba ta taɓa gaya mini ba. Ta zaɓi makewayi da kuɗin taksi a kan komai. Shugabanci ta ce ba ta so bana, amma tana so ta riƙe littafin kuɗi.

Mun sa gangara mai naɗewa, gyaran makewayin lakwal ɗin in darakta ya yarda a rubuce, darasin maganar hannu, lada daidai ga kowa, da nunin safe irin wanda Inna ta ce. Lissafin ya haura da jika ɗari huɗu da wani abu, ban san abin da zan cire ba.

Mushe_Kurame:
Kada ki taɓa masu fassara na ranar nuni, kurame ƴan kallo za su zo. Darasin kuma samarin nan biyu su koyar da ku da kansu, a biya su.

Magini_Katako:
Hajiya ki auno mini tsayin dandalin da faɗin ƙofar makewayin, daga gini zuwa gini. In ƙofar ce kawai matsalar ba sai an rushe ba, ƙila a rage wani abu a nan.

Ɗan_Adar_Bilbis:
In kun gama cikawa ku turo muna kwahin yadda kunka tsara kasahin, mu gwada ma dattijon nan namu. Wa ke da na'urar ɗaukar murya mai kyau da za ya ara muna kwana ukku?